Kujerar Aro

Gundega ta bar Riga da akwati biyu
ranar da juyi ya zagayo kan ƙasarta.
Ƙasashe sun haura ashirin, adashe ɗaya,
kowa ya zuba, kowa ya jira kwasarsa.
Sai dai wannan adashe, ranar kwasa
ba kuɗi ake miƙo maka ba:
kujera ce, da ƙararrawa, da rashin barci.

A Brussels aka ɗauke allon ƙasarta daga gabanta,
aka dasa wani mai cewa Shugaba.
Shekara goma sha ɗaya tana can gefen taga,
hannu a sama har kafaɗa ta yi tsami,
a ba ta minti biyu, a ce lokaci ya ƙure.
Yau ita ke raba mintoci.
Jakadun da sunanta ke sarƙe wa harshe
sun ƙware a kansa cikin mako guda,
har da tambayar jikin mahaifiyarta.

Can gida an yi wa gadoji fenti,
otal-otal sun cika, masu tasi sun koyi sannu da zuwa
da harsuna biyar.
Ƙaramar ƙasa ta shiga babbar riga
tana tattare hannu kada ya ja ƙasa.

Sai batun kifi ya hau tebur.
Teku ɗaya, jirage ba iyaka, kifi ya ja baya.
A rage kamu, in ji masana.
A rage na wa?
Kowa ya nuna maƙwabci da leɓe.

Ƙarfe uku na dare waya ta yi ƙara.
Visvaldis ne, yayanta, daga gaɓar Roja,
iska na yayyaga maganarsa, injin jirgi na tari.
"Ke ce a sama yanzu.
Faɗa musu mu bakwai ne ke ci a jirgin nan,
faɗa musu bashin taru bai fita ba."
Ta ce, "Yaya, mai rabon nama ba ya fara da kwanonsa.
Bakina na haya ne har ƙarshen Disamba."
"To me aka ba mu?"
"Ƙararrawa."
Ya kashe.

Washegari Ansis, yaron da ta koya wa aiki,
ya zauna a tsohon gurbinta, gefen taga,
ya ɗauko kukan masuntan gida,
kukan da ita ta rubuta bara da hannunta.
Yana tsakar magana minti biyu suka cika.
Ta kaɗa ƙararrawa.
Ba wanda ya ga yatsunta na rawa a ƙarƙashin tebur.

Da asuba aka sa hannu.
Kowa ya fita fuska a murtuke,
ba mai dariya, ba mai zubar da hawaye;
a gidan nan, wannan ake kira nasara.

Janairu ya zo da ƙanƙara.
Ta miƙa ƙararrawa ga na gaba, ta koma gefen taga.
Kayan aro ba ya rufe katara:
an daina tambayar jikin mahaifiyarta,
an koma tuntuɓe a kan sunanta.
Amma ta fito da abin da ba a karɓewa.
Ta san inda takalmi ke matsa wa kowa,
ta san wanda a'arsa ke da ƙofar baya.
In ta ɗaga murya yanzu, sai ta ji ta sauka da kanta,
don ta san mutumin can ƙetaren tebur
shi ma yana da yaya mai jirgi
da ke kiransa ƙarfe uku na dare.

A Roja, Visvaldis bai tashi ya tarbe ta ba.
Yana gyaran taru, bai ɗago kai ba.
Can da aka jima, ya tura mata faranti da gwiwar hannu:
kifi banda, guda biyu.
Da uku yake ba ta.
Ta ci, ba ta tambaya ba.